Sarki Tanimu na Damagaram: mai Birni da ya san darajar Zango

A wannan karo filinmu na tarihin magabata ya sauka a Damagaram, kuma wanda za mu ba da labarinsa shi ne Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ake rubuta sunansa Tanimoune da Faransanci. Ya rasu tun 1884, shekara 15 kafin sojan Faransa su ci garin. Galibi in aka ambaci sunansa, ganuwa da igwa da yaƙi ake tunawa. Mu kuwa, da yake da ƴan kasuwa muke magana, ta ƙofar kasuwa za mu shiga labarin. A ganinmu ba a gane mulkin Tanimu sai an dubi tsofaffin unguwanni biyu na Zinder tare, wato Birni inda sarauta take zaune, da Zango inda dukiya take sauka.

Ga wanda bai san garin ba, Birni ita ce unguwar da ke kudu, cikin manyan duwatsun nan da suka hau kan juna, mai lunguna ƴan matsattsu da gidajen ƙasa masu zane a fuska. Nan fadar Sarkin Damagaram take. Zango tana arewa da ita, ƴar tafiya kaɗan a ƙasa. Sabon Gari da ya cike tsakaninsu na zamanin Turawa ne. A zamanin da muke magana fili ne ya raba su, kowace da irin mutanenta da irin harkarta.

Gidan sarautar Damagaram asalinsa daga Barno ne. Kakansu, wanda tarihi ya riƙe da sunan Malam, ya zauno wannan yanki a ƙarni na 18, jikokinsa suka yi ta sarautar ƙananan garuruwa suna kai gaisuwa Barno. Mahaifin Tanimu, Sarki Sulaimanu, shi ya mai da mazaunin sarauta Zinder wajen 1812, lokacin garin bai wuce ƙauye a tsakanin duwatsu ba. Da Sulaimanu ya bar gado wajen 1822, ɗansa Ibrahim ya hau. Tanimu ya girma ke nan yana kallon ɗan'uwansa a kan karaga, yana kuma ganin yadda kowace babbar magana sai an jira abin da Shehun Barno zai ce daga Kukawa.

Haƙurinsa ya ƙare a 1841, ya karɓe sarautar daga hannun Ibrahim. Ba ta daɗe masa ba. Cikin shekara biyu Ibrahim ya komo da goyon bayan Kukawa, Tanimu ya koma gefe. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa ya san irin karatun da ake yi a wannan zama. Abin da Tanimu ya karanta a shekarun nan ya bayyana cikin aikinsa na baya: sarkin da ba shi da ganuwa, ba shi da makami nasa na kansa, ba shi da kuɗin da zai riƙe mayaƙa, wani ne daga nesa yake naɗa shi yake kuma tuɓe shi.

Muna da labarin yadda garin yake dab da komowarsa, daga bakin baƙi biyu. Wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya zauna Zinder a farkon 1851, Ibrahim na kan gado. Ya tarar da fatake Larabawa da Abzinawa zaune a garin, ya kuma ga wani abu da ya kamata mu riƙe tun yanzu: fada tana cin bashin kaya wurin fatake, in bashi ya taru sai a ɗaura yaƙi, a kai hari wani gari, a kamo mutane a biya da su. Ya ga shigowar waɗanda aka kamo da idonsa. Na biyu shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu. Ya iso Zinder a ƙarshen watan Disamba na 1852, ya yi wata guda. A nan wani Balarabe ya kawo masa saƙon kuɗi daga arewa, riyal 1,000 na azurfa, an ɓoye su cikin akwati biyu na sukari don kada idon mutane ya kai kansu. Dabarar ɓoye kuɗi cikin kaya dai ba yau aka fara ta ba. Kuma a kasuwar Zinder ya yi sayayyar doguwar tafiyarsa ta Tumbutu, ya sayi alkyabbu da rawuna da madubai da kanumfari da asake da carbi, domin ayarin arewa bai daɗe da sauka ba, kaya sun yi araha. Wato tun kafin Tanimu ya zauna daram, kayan Tarabulus suna samuwa a garin. Bai ƙirƙiro kasuwar ba, tarar da ita ya yi, ya san abin da zai yi da ita.

A farkon shekarun 1850 ya sake hawa, wannan karo kuwa sai da ya yi wajen shekara 30 a kai, har mutuwa ta raba.

Aikin da ya fara sa wa hannu shi ne Birni. Wajen 1856 aka tayar da babbar ganuwar ƙasa da ta kewaye unguwar, tsayinta ya kusa mita 10, da ƙofofi 7. Fadar da ake gani yau ita ma ginin tsakiyar wannan ƙarni ce. Mai karatu ya tsaya ya yi lissafin ƙasar da aka haƙa, da ruwan da aka ɗauko aka kwaɓa ta, a garin da har gobe ruwa yake wa mutanensa wuya saboda dutsen da ke ƙarƙashinsa. Ba injin, ba mota. Kan talakawa da bayi ne ya ɗauki wannan ganuwa, kwando kwando, tulu tulu.

Sai makamai. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a ƙarshen zamaninsa Damagaram tana da bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40, abin da babu wata masarauta a kewayen da ta tara irinsa. Bindigogin ta hamada ake kawo su. Igwa kuwa a Zinder maƙera suke zuba ta, albarushi ma a gida ake haɗa shi. Tanimu bai danƙa waɗannan makamai ga ƴan'uwansa ƴaƴan sarki ba, don ya san abin da shi da kansa ya yi wa Ibrahim. Bayin sarki ya ɗaukaka, ya ba su muƙamai da jagorancin ƴan bindiga, mutanen da ba su da gadon sarauta balle su yi kwaɗayinta.

To, bindiga 6,000 ba a roƙonta, saye ake yi. A nan ne labarin ya bar Birni ya gangara Zango.

Sunan unguwar ya faɗi aikinta. Masaukin ayari ce, inda Abzinawa, musamman Kel Ewey masu raƙuma, suke sauke kaya a wajen ganuwa. Da farko bukkoki ne da rumfuna, sannu a hankali masu zuwa suna komawa suka fara zama, aka yi gidajen ƙasa, aka yi ɗakunan ajiya, aka yi aure da ƴan gari. Hanyar da ta ciyar da Zango ita ce wadda ta taso daga Tarabulus a bakin teku, ta bi Gadamas da Gat, ta ratsa duwatsun Abzin, ta sauko Damargu, ta iso Zinder, sannan ta wuce Kano. Tafiyar watanni ce. Akwai wata tsohuwar hanya a gabas, wadda ta bi Kawar ta nufi Barno kai tsaye, amma a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ta yi ta lalacewa saboda hare-hare, fatake suka ƙara karkata ga ta Abzin. Sa'ar Tanimu ke nan. Wayonsa kuwa shi ne da ya riƙe wannan sa'a da hannu biyu: ya zauna lafiya da masu raƙuma, ya sakar wa baƙin fatake fuska, shi kansa ya sa dukiyarsa cikin fatauci.

Me ake saukewa a Zango? Daga arewa akwai yadi na masaƙun Ingila, da alharini, da takarda, da sukari, da duwatsun wuya, da turare, da takubba, da bindiga. Abin da ke komawa arewa kuwa, jemammun fatun awaki, da hauren giwa, da gashin jimina, da bayi. Gashin jimina ya yi wata irin daraja a shekarun 1870, lokacin da matan Turai suka ɗauki yayin ƙawata huluna da shi, har ya zama ana kiwon jimina a Damargu don a riƙa figar gashinta. Ku duba fa, kwalliyar wata mata a Paris ko London ita ke sa farashi ya motsa a Zango. Masu sayar da atamfa da leshi a yau sun san wannan ciwo, yayi ya juya kaya su kwanta. Fata kuwa ta fi gashin jimina daɗewa, don har yanzu majema da dukawan Zinder suna da suna a ƙasar nan.

Ban da ayarin Tarabulus akwai na gishiri, wanda ya fi shafar tukunyar kowace mace. Bayan damina Abzinawa suke ɗaukar hatsi su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su musanya shi da gishiri da dabino, su komo, sannan su gangaro kudu da rani. Kantu na dabbobi, beza na miya. Raƙumansu su yi kiwo a gonakin da aka girbe, su bar taki, su koma da gero da tufafi. Da Tanimu ya shimfiɗa ikonsa gabas zuwa Muniyo, ƙasar Gure, sai ya haɗa da wata dukiyar, wato kanwa da gishirin mangul na ƙasar Manga, waɗanda ake kai wa har cikin ƙasar Kano da gaba.

Yadda Zango take aiki, duk wanda ya san harkar fatoma zai gane. Baƙo ba ya sauka a kasuwa kai tsaye. Wurin mai masauki yake sauka, shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi, ya karɓi la'adarsa. Kuɗin yau da kullum wuri ne, babban ciniki kuwa da riyal na azurfa ake yi, ko kaya da kaya. Ƙirgar wuri kaɗai sana'a ce, don dubbai ake zubewa a ƙasa ana ja biyar biyar. Kuma yawancin wannan fatauci a kan amana yake tafiya: attajirin Gadamas ya ba da kaya, sai bayan shekara ko fiye ya ga kuɗinsa. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Gat.

Littattafan tarihi ba su cika kula da iyayenmu mata a wannan labari ba, alhali ayari ba ya kwana da yunwa. In ɗaruruwan raƙuma suka sauka da masu jan su, wa ke daka? Wa ke dama fura, wa ke tuƙa tuwo, wa ke kawo ruwa da itace da daddawa? Wa ke kaɗa zaren da masaƙa ke saƙa tufafin da Abzinawa ke saye su koma da su? Saukar ayari kakar mata ce, ta ƴaƴa da ta bayi. Wurin da ya shigo Zango cikin buhu, da yawansa a hannun mai ƙwaryar fura yake kwana.

A cikin wannan unguwa aka yi attajirai da sunansu ya kai bakin teku. Wanda ya fi shahara shi ne Malam Yaro, wanda a ƙarshen ƙarnin ya zama babban ɗan kasuwar Zinder, yana da wakilai a garuruwa masu nisa, har Turawan da suka fara zuwa sai da suka nemi hulɗa da shi. Irin su Malam Yaro ba sa tsiro a garin da ake kwace wa baƙo kaya. Wannan shaida ce a kan irin riƙon da aka yi wa Zango tun zamanin Tanimu.

Sai dai kada daɗin labari ya sa mu tsallake ɗacinsa. Lafiyar da fatake suka samu a Zango, wasu ne suka biya ta da ƴancinsu. Tanimu mayaƙi ne mai tsanani. Ya murƙushe ƙananan masarautun da ke kewaye da shi, irin su Mirya da Dungas da Washa, ya sa hannu cikin al'amuran sarakunan Daura da jihadi ya kora arewa, ya kai yaƙi kudu wajen Haɗeja da iyakar Kano, a 1872 kuma ya afka wa Gumel. Kowane irin wannan yaƙi yana komowa da kamammu. Wasu a tura su gonakin sarki da na manyan fada, wasu a sa su cikin ƴan bindiga, wasu a ɗaure su a bi da su hamada, inda da yawa ba sa kai wa Gat da rai. Lissafin a fili yake: bawa ya sayo bindiga, bindiga ta kamo bawa. Abin da Richardson ya gani a zamanin Ibrahim bai tsaya ba a zamanin Tanimu, girma ya yi. Matar da ke sayar da fura a Zango tana murnar saukar ayari, wata uwa a wani ƙauyen kudu tana kukan ɗanta da ayarin nan zai tafi da shi. Duka biyun mutanen Damagaram ne a yau, jikokinsu suna zaune rumfa ɗaya a kasuwa, shi ya sa ba ma ganin daidai ne a faɗi rabin labarin a bar rabi.

Dangantakarsa da Barno kuwa, a nan ne ya nuna halin ɗan kasuwa sosai. Ƙarfinsa ya kai ya ce ya daina bi, amma bai yanke igiyar ba. Ya ci gaba da aika gaisuwa ga Shehu Umar, yana kuma cin ƙasashen da su ma na Shehun ne. Wani Bajamushe, Gustav Nachtigal, da ya zauna Kukawa a farkon shekarun 1870, ya tarar fadar Barno tana cikin damuwa da wannan bara nata da ya fi ƙarfin a tsawata masa. Tanimu ya auna ya ga kuɗin gaisuwa bai kai asarar babban yaƙi ba, yaƙin da zai toshe hanya ya kori fatake. Sai bayan rasuwarsa, da Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Damagaram ta tsaya da ƙafarta ba mai karɓar gaisuwa a kanta.

Ya rasu a 1884. Ƴaƴansa suka gaje shi, Sulaimanu ɗan Aisa har 1893, sannan Amadu Kuran Daga. Abin da ya gina ya riƙe su shekara 15. A watan Mayu na 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, kyaftin Cazemajou, a Zinder. A ƙarshen watan Yuli na 1899 sojan Faransa suka zo, aka gwabza a Tirmini, yamma da gari. Bindigogin Damagaram na ɗure ne, na Turawa masu saurin ɗauka, yaƙin bai daɗe ba. Kuran Daga ya fita daga gari, aka cim masa aka kashe shi a watan Satumba na shekarar. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddibuwa, zargin ya haɗa har da Malam Yaro. Sarkin Birni da attajirin Zango rana ɗaya ta same su. Mafi yawan ganuwar ma a zamanin Turawa ta rushe.

Abin da ya karya Zango ta dā kuwa ba harsashi ba ne. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Yadin da ke shan watanni a bayan raƙumi sai ga shi yana zuwa ta teku da jirgi cikin kwanaki, a farashin da ayari ba zai iya karawa da shi ba. Fatauci ya juya baya ga hamada ya fuskanci kudu. Zinder ta zama babban birnin mulkin Faransa a ƙasar nan daga 1911, har aka mai da shi Yamai a 1926. Jikokin masu masaukin ayari waɗanda suka farga da wuri suka koma sayen gyaɗa da fata da dabbobi, suna kai wa Kano, daga baya suka shiga harkar manyan motoci. Waɗanda suka tsaya jiran ayarin Gadamas suka ci gidajensu.

Sunan Tanimu bai ɓace a garin ba. Barikin sojan da Faransawa suka gina a kan dutse suka sa masa sunan Cazemajou, bayan mulkin kai an mai da shi sunan Tanimu. Marigayi André Salifou, ɗan garin, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafin tarihin Damagaram a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimu a 1973. A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Ragowar ganuwar tana nan a wasu kusurwoyin Birni, damina na cinta kaɗan kaɗan. A Zango kuma akwai sauran tsofaffin gidajen attajirai masu zanen fuska, wasu an gyara, wasu an shafe su da siminti. Kantun Bilma har yanzu yana isowa kasuwar Dole, wani a mota, wani a bayan raƙumi, ranar Alhamis ce kuma babbar kasuwa.